Ramuwar Dikko Baro

Har zuwa bara, in ka shiga unguwar Al-Sadd a Doha ka ce kana neman Dikko, sai a yi ta kallonka kamar ka tambayi hanyar Zariya. Amma ka ce Baro, to ko kyanwar da ke kwana a bakin shagon shayin karak za ta nuna maka ɗakinsa da wutsiya. Hausawa Baro, Indiyawa Baro, 'yan Nepal Baro. Rashad, ɗan Pakistan ɗin da ke raba musu aiki a filin jirgi, ya ɗauka sunan yanka ne, har yana ƙara masa girma, yana cewa Mista Baro.

Dikko gajere ne, baƙi, mai ƙwauri kamar taɓarya. Aikinsa a filin jirgin Hamad shi ne tura fasinjoji a keken marasa lafiya, daga bakin jirgi zuwa bakin mota. Ya tura tsofaffin kowace ƙasa da Allah ya halitta. Da ido kawai yake auna mutum, ya san wadda za ta yi masa addu'a da wadda za ta yi masa faɗa har a kai ƙofa. Ba ya hayaniya, ba ya zagi. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya mantuwa. An ce yana yaro wata kaza ta tsattsage shi a ɗuwawu, bai ce komai ba. Sai da ya girma ya bi jikokinta ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, Sallah bayan Sallah.

Ɗan Kwarin Maje ne, can ƙasar Toro. Garin yana kan dutse, ruwan shansu kuwa yana can ƙasan kwazazzabo, inda in ka leƙa sai ka ga shanu kamar tururuwa. Hanyar da ke sauka wajen a tsaye take, akuya ma sai ta yi bismilla kafin ta taka. Suna da al'ada, washegarin Babbar Sallah duk namijin da ke jin kansa zai ɗauki gora, ya sauka da gudu, ya ciko ta a rafi, ya hawo ya miƙa wa uwarsa ta sha. Ba kyauta, ba kofi. Mata dai suna tsaye a bakin dutse suna kallo, kuma matan Kwarin Maje ba sa mantuwa su ma.

Da yana saurayi Dikko ba ya wuce na uku. Sai ya zo Doha. Doha kuwa ta karɓe shi hannu biyu: esi a ɗaki, esi a bas, esi a masallaci, lif a kowane bene, shinkafa da rago a faranti mai faɗin tabarma. Ya yi 'yan shekaru, ya koma hutu da tumbi a gaba kamar ya saci tukunya. Aka ce masa ya zauna cikin dattawa ya yi kallo. Ya ce shi? Ya ɗauki gora.

Saukar ya yi ta kamar da, yana tsalle daga dutse zuwa dutse, mata na guɗa. Ya cika gora, ya juyo, ya ɗan taɓa hawa, sai cinyoyinsa suka ce sun yi murabus. Ya zauna. Ya tashi. Ya sake zama. Daga nan ya kwanta rigingine a tsakiyar hanya, gora ta gangara ta koma rafi ita kaɗai.

Wanda ya zo ceto shi ne Garzali, ɗan ƙanin Inna Haulatu uwar Dikko, wato taubashinsa. Dogo ne siriri, bakinsa ya fi ƙafarsa gudu, ƙafar kuma ba ta da wasa, don shi ya zo na ɗaya a ranar. Ya miƙa wa uwarsa ruwa, ya ari baron da ake kwasar taki, ya bi ta doguwar hanyar shanu ya ɗora Dikko a ciki. Ya ba wani waya ya ce ya ɗauka, kada ya bar komai.

“A matsa, a matsa! Ga kayan Doha sun iso! A kula, mai fashewa ne!”

Dikko na ciki, ƙafafu a sama, hula a kan ciki.

“Bawana, kujerar ta yi? Ko in kunna maka esi? Jama'a ku gani, mai tura Larabawa yau an tura shi!”

Kafin Dikko ya sauka a Doha bidiyon ya riga shi isowa. Ya shiga guruf ɗin Hausawan Qatar, ya fita ya shiga na ma'aikatan filin jirgi, wani ya sa masa kiɗa. Ranar da ya koma duti, tun daga bakin ƙofa ya ji an ce, “Baro! Yalla!”

Ya buga wa uwarsa waya.

“Inna, kin ga abin da yaron nan ya yi min?”

“Na gani. Har sau nawa ma. Taubashinka ne, Dikko.”

“Inna, Indiyawa ke kirana Baro. Indiyawa fa.”

“To ai taubashinka ne. Wa ka taɓa ji ya kai ƙarar taubashi? In ka yi fushi ma kai za a yi wa dariya.”

Gaskiyarta ne, kuma shi ne abin da ya fi ci masa rai. Da wani ne can, sai a yi faɗa, dattawa su shiga, a ba da haƙuri. Taubashi kuwa ba a fushi da shi, ba a dukansa, ba a gaba da shi. Abin da ya yi maka da sunan wasa, da wasa kaɗai za ka mayar masa.

“Af, na kusa mantawa,” in ji Inna Haulatu. “Kawunka ya ce ko za ka nema wa Garzalin aiki a can. Noman bana bai yi ba.”

Waɗanda ke ɗakin sun ce sun ga wani murmushi ya taso wa Dikko a hankali, irin wanda ba su taɓa gani ba, har ɗaya ya ja bargo ya rufa.

“A turo shi, Inna. Ni zan riƙe shi.”

Ya kuwa riƙe shi. Ya nema masa kafil, wato mai tsaya masa ya shigo ƙasar, aka ba shi gadi a wani dogon bene na ofisoshi, irin wanda in ka hau ƙarshensa kana iya gaisawa da mutanen Saudiyya. Ya ba shi gadon ƙasa a ɗakinsu, shi ya koma na sama. Garzali kuwa bai iso hannu rabbana ba, ya zo da bidiyon na asali, mai tsawo, wanda ba a yanke ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya kunna wa sababbin zuwa, yana bayani kamar mai sharhin ƙwallo. Dikko na gefe yana dariya tare da su, yana ƙara wa Garzali nama a faranti.

Nan aikin ya fara. Da safe karak mai madara da farata, gurasar Indiyawa mai maiƙo. Da rana shinkafar mandi. Da yamma shawarma, biyu, don ɗaya ba ta isar ɗan Kawu. In Garzali ya ce ya ƙoshi, sai Dikko ya ɓata rai.

“Haba taubashi. So kake Inna ta ce na bar ka da yunwa a ƙasar mutane?”

Mutane suka yi ta yabon Dikko. Liman ma ya kawo shi misali a wa'azi, mutumin da aka wulaƙanta ya saka da alheri. Dikko ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya.

Sannu a hankali yunifom ɗin Garzali ya fara kuka a wajen maɓalli. Shi ma ba wawa ba ne. Wata rana ya tsaya gaban madubi ya juya gefe, ya ce, “Kai. Wannan abin ba zai bi ni Kwarin Maje ba.” Hutunsu kuwa zai faɗo tare, daidai Babbar Sallah, kuma ya riga ya cika baki a guruf cewa zai sake zuwa na ɗaya, ya sake aron baro. Sai ya fara hawan matakalar benen da yake gadi, kullum in ya tashi daga duti, tun daga ƙasa har rufi. Kuma ya iya. Ƙafar dutse ce, ba ta gama mutuwa ba.

Labari ya kai kunnen Dikko. Ya bi shi ran hutunsa don ya gani da ido. Ya hau lif ya jira shi a sama da lemo mai sanyi. Garzali ya iso yana huci, ya shanye, ya juya zai kama matakala ya sauka. Dikko ya yi wuf ya danna maɓalli, ƙofar lif ta buɗe.

“Ina za ka? Shigo nan.”

“In sauka mana.”

“Saukar me? Sauka aiki ce? Ko buhun masara ka saka a matakala ai zai sauka. Hawa shi ne gudu. Kada ka ɓata gwiwarka a banza, ba a sayar da ita a kanti.”

Garzali ya yi tunani, ya ga maganar ta hau. Ya shiga lif. Daga ranar kullum sai ya hau da ƙafa ya sauko da lif, yana kallon kansa a madubin ciki yana shafa ƙwauri.

Abin da Garzali bai sani ba, Dikko ya koyo shi ne a cikin baro, ƙafafu a sama, yana kallon gajimare. Ba hawa ce ta kashe shi ba a ranar. Sauka ce. Gangarar kwazazzabo tana dukan cinya kamar ana kirɓa sakwara, kowane taku duk nauyinka a kai, kai kuma kana jin daɗi, iska na kaɗa ka. Sai ka juyo za ka hau ka tarar ba kowa a gida. A Kwarin Maje ba wanda ya taɓa lura, don kowa yana sauka rafi tun yana rarrafe. Sai wanda ya zauna a ƙasar lif.

Saura Dikko ya nemo wa kansa gangara. A Doha! Garin da Allah ya shimfiɗa kamar faifai. Ya je Corniche, can bakin teku, ya bi Turawa masu gajeren wando, ya yi gudu har ya gaji da kallon jiragen ruwa, ko ɗan tudun da zai sa ƙwai ya mirgina bai gani ba. A Al-Sadd tsaunin da ya fi kowanne tsayi shi ne ɗan tudun da ake yi a titi don direbobi su rage gudu. Ya hau shi ya sauka, ya hau ya sauka, har wani mai tasi ya tsaya ya tambaye shi ko ya yar da wani abu ne. Ya bi wani direba zuwa sahara, wajen tuddan yashi. Yashi kuwa laushi gare shi, yana karɓar ƙafa kamar katifa, ba ya dukan cinya. Ya dawo da yashin da ya isa yaɓen ɗaki a kunnuwa da aljihu, ba abin da ya ƙaru da shi.

Yana dawowa daga masallaci wata asuba ya ɗaga kai ya ga gidan ajiye motoci na wata kasuwa, bene kan bene, da hanyar mota da ta naɗe shi kamar maciji tun daga rufi har ƙasa. Siminti tsantsa. Ya tsaya yana kallonta kamar ya ga amarya.

Mai gadin wurin wani dattijo ne, Osman, ɗan Sudan, irin waɗanda kakanninsu suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa suka tsaya a hanya. Hausarsa tsohuwa ce, da Larabci a cikinta kamar tsakuwa a shinkafa.

“Ya zol, ina motarka?”

“Baba, ni ne motar.”

“Mota ba lamba ba ta shiga nan.”

Dikko bai yi gardama ba. Ya ciro waya, da hannunsa ya kunna masa bidiyon. Osman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya nemi a maimaita, ya sake yi. Da ya share hawaye sai ya ce, “Wane ne dogon?”

“Ɗan kawuna.”

“Taubashi?” Fuskar tsohon ta canza. “Kakana ya ba ni labarin wannan abu. Ya ce ya bar nasa taubashin a Katsina da bashin mari, ya mutu yana ambatonsa. Zo kullum bayan asuba, kafin motoci su fara. Khalas.”

Haka Doha ta samu mahaukata biyu. Ɗaya yana hawa da ƙafa ya sauko da lif, ɗaya yana hawa da lif ya sauko da ƙafa. Dikko zai tsaya a rufi, zafi ya riga ya fara tun rana ba ta fito ba, iska kamar numfashin tanda, ya saki jiki ya gangaro yana zagaye, tafin ƙafarsa na tafi a kan siminti, Osman na ƙasa da butar shayi yana ihu, “Yalla, ya Baro! Yalla!”

Makon farko ya san ya taɓo abin. Ciwon gangara ba ya zuwa a ranar. Washegari yake aiko da gaisuwa, jibi ya iso da kayansa ya sauka. Ran jibin nan Dikko a zaune ya yi salla. Bayi kuwa, sai da ya yi shawara da bango kafin ya tsuguna. A wajen aiki fasinjoji sun ɗauka shi ke tura su, alhali keken ne ke riƙe da shi, da za a janye shi da ya kife. Wata tsohuwa 'yar Masar ta waiwayo ta dube shi ta ce ko zai zauna ita ta tura. Duk da haka murna yake. Yana tafe yana cije baki yana nanata wa kansa: jibi. Jibi ne ranar.

Da ƙafa ta saba, sai ya daina hawa lif ɗin ma. Ya sauka da gudu da jarka ba komai, Osman ya cika masa ita a famfo, ya hawo da ita a kafaɗa. Tumbi ya fara zubewa. Wannan kuma matsala ce, don Garzali na da ido. Dikko ya sayi jallabiya mai faɗi, ya riƙa naɗa tawul a ciki. Kullum ya dawo daga gangara, jiƙe sharkaf, da ledar farata da kofin karak a hannu.

“Kai kuwa wannan gumi fa?” in ji Garzali daga kan gado.

“Layin mai farata ne, taubashi. Ga zafi, ga jiki ya yi nauyi. Tashi ka ci tun da ɗumi.”

“Allah sarki bawana. Kada ka damu, bana zan sa maka katifa a baron.”

“Na gode,” in ji Dikko. “Ƙara sukari?”

Da aka zo yankan tikitin hutu, Dikko ya ce shi dole ya juyo a ranar gudun da yamma, aiki ba ya jira. “Kai kuwa me kake ci na sauri? Ƙara kwana, ka ci naman Gwaggonka. Ka taso washegari, ka sauka jibi.” Garzali ya ce wallahi taubashinsa akwai tunani.

Washegarin Sallah Kwarin Maje ta cika a bakin dutse. An yi ruwa, hanya na sheƙi. Garzali na miƙa yana ɗaga wa mata hannu, ya riga ya jingine baron taki a gindin bishiya inda kowa zai gani, da 'yar katifa a ciki kamar yadda ya yi alkawari. Dikko ya iso cikin jallabiyarsa, aka fara dariya. Ya tuɓe ta. Ya kwance tawul, ya ninke shi da kyau, ya miƙa wa uwarsa. Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Garzali ya zaro ido. “Kai! Ina tumbin?”

“Na ba ka ajiya. Ga shi nan a gabanka.”

Aka saki mutane. Garzali ya faɗa gangara kamar an harbo shi, haushi na tura shi, nauyin mandi na ja. Ya wuce samari, ya wuce 'yan makaranta, shi ya fara taɓa ruwa. Ya cika gora, ya miƙe, ya ɗaga ƙafa zai hau dutsen farko, ƙafar ta tsaya tana rawa kamar ta ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ya dube ta. Ya ɗaga ɗayar, ita ma haka. Ƙirjinsa lafiya lau, numfashi na nan, matakala ta yi aikinta. Cinyoyi ne suka tafi ba sallama.

Ya ɗan ja jiki zuwa tsakiyar hanya, kusan daidai inda wani ya taɓa kwanciya. Nan Dikko ya same shi, yana hawowa a hankali, gora a kafaɗa. Bai tsaya ba. Ya dai rage tafiya.

“Taubashi, ka jira nan. Na danna maka lif, yana zuwa.”

Kada a yi ƙarya, Dikko bai zo na ɗaya ba. Kafin ya iso samarin gari har sun fara cin nama. Amma da ƙafarsa ya iso, gora cike, ya durƙusa ya miƙa wa Inna Haulatu ta sha. Aka gangara wa Garzali da baro, da katifarsa da komai. Garzali ya rantse da duk abin da ya sani cewa wanda ya taɓa shi sai sun yi shari'a. Ya hawo da rarrafe, da gwiwa, da haƙori, yana kama ciyawa, ya iso bayan azahar da ruwan da bai fi kurɓa ɗaya ba. Ya kwanta a gindin bishiya yana haki, ya ɗaga yatsa.

“Ku shaida. Ni ba a tura ni ba. Baro ɗaya ne a garin nan.”

Mutane suka ce ai kuwa da gaskiyarsa. Suka juya ga Dikko su ji me zai ce. Dikko ya ce, “Haka ne. Sannu da ƙoƙari.” Ya ɗauki jakarsa ya kama hanyar Kano.

Da ya koma duti ya sami Rashad ya ce yana roƙon alfarma, a sa shi a jirgin da zai taso daga Kano, yana da baƙo. Rashad ya ce, “Ba matsala, Mista Baro.” Sannan ya rubuta a guruf cewa gwarzon Kwarin Maje na dawowa, wanda ba a taɓa turawa ba, duk mai hali ya zo tarba.

Garzali kuwa ya kwana ya tashi da gaisuwar ciwo, ya ce ai da sauƙi. Ya zauna a mota har Kano. Ya zauna a jirgi, gwiwa a manne da kujerar gaba, har Doha. Jibi ta same shi a sararin sama, ta shigo da kayanta duka. Da jirgi ya tsaya ya yunƙura zai tashi, sai ya ji kamar an zuba masa kankare daga ƙugu zuwa gwiwa. Ya dafa kujeru ya ja jiki har ƙofa. Ranar kuma, abin da ko Dikko bai roƙa ba, can nesa aka ajiye jirgin, aka kawo matakala, bas na jira a ƙasa.

Garzali ya leƙa. Matakala ce, doguwa, kuma duk sauka ce. Ya miƙa ƙafa ɗaya, ya yi wata ƙara da ta sa jariri ya farka a bayan jirgi. Ya juya zai gwada da baya. Layi ya taru, wata hajiya mai jakunkuna tana cewa, “Malam, in ba za ka sauka ba ka ba mu wuri, ba a nan za mu yi Sallar baɗi ba!” Ma'aikaciyar jirgi ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ta ce kada ya damu, za a kawo taimako.

Kowa ya fita. Can sai ya ji ƙugi a ɗaya ƙofar. Motar nan ce mai ɗaki a baya, wadda ke ɗagowa sama ta ɗauki marasa lafiya. Ɗakin ya taso a hankali har ya daidaita da jirgi. Ƙofa ta buɗe. Ga Dikko cikin yunifom, an goge shi har yana yanka, hannu ɗaya a kan keke, ɗaya yana riƙe da ƙofa.

“Barka da sauka, yallaɓai. Na ce maka yana zuwa.”

Garzali ya dubi matakala. Ya dubi keke. Ya sake duban matakala. Ya zauna.

Dikko bai taɓa yi wa fasinja aiki mai kyau irin na ranar ba. Ya ɗaura masa bel. Ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a mataki. Ya rufa masa bargo a gwiwa, ya gyara masa hula. Keken nan ya ɗauki malamai da attajirai da iyayen mutane, ba wanda ya ji kunyarsa, don ba wanda ya taɓa tsayawa gindin bishiya ya ɗaga yatsa. Filin jirgin Hamad kuwa gari ne guda, kuma Dikko ya tura a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai, yana gaisawa da kowane mai shara.

“Yallaɓai, kujerar ta yi? Esin ya isa, ko a ƙara?”

Garzali ya kau da kai. Sai da aka buga fasfo, aka ɗauki jaka aka ɗora masa a cinya, suka doshi ƙofar fita, ya hango taro ta gilashi. Direbobi, masu gadi, nas-nas 'yan Jos da suka taso daga duti, liman, har da wani tsoho mai rawani da bai sani ba, kowa waya a sama.

“Dikko,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Don girman Allah, bi ta wata ƙofar.”

Keken ya tsaya.

“Me ka ce?”

“Na ce ka bi ta wata...”

“A'a, na farkon.”

“Dikko.”

“Wurin nan da hayaniya. Riƙe shi, za ka maimaita a waje.”

Ƙofa ta buɗe. Ihun da aka yi, an ce wani jirgi da ke shirin sauka sai da ya ƙara zagaye. Osman na gaba, rawani ya riga ya kwance. Wani ya ɗaga murya, “Baro! Me ka ɗauko mana?”

Dikko ya taka birki, ya zagayo, ya tsuguna gaban keken kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Cinyarsa ko gezau.

“Yallaɓai, jama'a na tambaya. Wa ya turo ka?”

“Dikko.”

“Ba su ji ba. Na baya can.”

“Dikko ne! Dikko ya turo ni! Ku kashe wayoyin nan, don Allah!”

Ba wanda ya kashe. Rashad, da ya biyo baya ya ga wane irin baƙo ne wannan, ya kama hannun wani yana tambaya wane ne kuma Dikko. Aka nuna masa. Ya riƙe baki, ya ce shekara guda cur ba wanda ya gaya masa.

A cikin tasi, Garzali na kwance a kujerar baya, ƙafafu a miƙe kamar itace, ya ciro waya ya kira Kwarin Maje. Bidiyon ya riga shi isa. Ana jin dariyar mata a bayan muryarta.

“Gwaggo, kin ga abin da ɗanki ya yi min? Shekara guda yana ɗura min maiƙo! Ya hana ni sauka! Ya tara min duk Qatar!”

“Na gani,” in ji Inna Haulatu. “Bargon ya yi maka kyau.”

“Gwaggo!”

“Taubashinka ne, Garzali.”

Dikko na gaba kusa da direba, bai waiwayo ba. Da suka shigo Al-Sadd ya ce a ɗan tsaya a shagon karak. Ya sauka, ya dawo da kofi ɗaya da farata ɗaya, ya zauna ya cinye abinsa shi kaɗai.